Kwanon Tanti da Kokon Inna

1. Unguwarmu

Ni ɗan Lome ne, babban birnin ƙasar Togo. A unguwar Agbalepedo aka haife ni, can arewacin gari, nesa da bakin teku. Kakana mutumin Madawa ne, a ƙasar Nijar. Fatauci ya kawo shi Lome. Ya sauka a Zango, ya yi aure, bai sake komawa gida ba.

Yara, kun san ma'anar zango? Zango shi ne wurin da fatake suke sauke kaya su huta. Hausawa sun daɗe a Lome, tun zamanin mulkin Jamus, kafin zuwan Faransawa. Da can, Zango yana tsakiyar gari. A shekarar 1977 hukuma ta tashe shi, aka mai da mutanensa Togblekope, a bayan gari. Daga baya Babana ya kama hayar ɗaki biyu a Agbalepedo, don ya kusanci tasha. Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli sun yi yawa a layinmu, har muna ce masa ƙaramin zango.

Tashar Agbalepedo babba ce. Daga nan motoci suke kama hanyar arewa, su bi ta Atakpame da Sokode da Kara da Mango, har Dapaong. Tafiyar ta fi kilomita 600. Wasu motocin suna wucewa har Wagadugu da Yamai. Babana albasar Galmi yake sayarwa. Innata kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata mata da muke kira Tanti. Ita ƴar ƙabilar Ewe ce, kuma Kirista. Mijinta akawu ne a wani ofis. Ɗansu abokina ne. Shekarunmu ɗaya, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya a lakwal. Shi ya koya mini yaren Mina, wanda ake yi a kasuwannin Lome. Ni kuma na koya masa Hausa.

2. Hunturu ya zo

Kowace shekara, in watan Disamba ya kusa ƙarewa, sai mushe ya rufe littafi ya ce an yi hutu. Hutun wajen mako biyu ne. A cikinsa ake bikin Kirsimeti, wanda muke ce wa Nowel, ranar 25 ga Disamba. A cikinsa kuma ake shiga sabuwar shekara, ranar 1 ga Janairu. Wannan ranar muna ce mata Bonane, daga gaisuwar Faransanci ta *bonne année*.

Lokacin nan ne hunturu yake isowa Lome. Da Faransanci ana ce masa *harmattan*. Iska ce busasshiya da take tasowa daga hamadar Sahara, ta ɗauko ƙura, ta gangaro kudu har bakin teku. Sai gari ya yi hazo. Rana ta fito fari fat kamar faifai. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, Inna ta riƙa shafa mana man kaɗanya.

Sanyin Lome bai kai na Maradi ko na Damagaram ba, domin teku yana kusa. Direbobin arewa dariya suke yi mana in sun ga mun ƙudundune. Amma mu da muka saba da zufa, sanyin asuba yana shiga mana har ƙashi. A lokacin nan kowa yana neman abu mai zafi ya sa a cikinsa. Shi ya sa hunturu ne kakar Innata.

3. Kokon Inna

Koko ba aikin rana ɗaya ba ne. Inna takan jiƙa gero ya kwana. Da safe ta wanke shi, ta zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a kai injin niƙa. In an dawo da ƙullu, sai ta ƙara ruwa, ta tace da ƙyalle mai laushi, ta rufe, ta bar shi ya kwanta. Kafin gari ya waye, gasara ta zauna a ƙasa, ruwan sama kuma ya yi tsami. Da asuba ta tafasa ruwan tsamin nan a babbar tukunya, ta dama gasara, ta haɗa, tana juyawa har ya yi kauri.

Ƙosai ma yana da nasa aikin. A jiƙa wake, a cire ɓawonsa, a niƙa da albasa da attaruhu, a sa gishiri. Sai a buga ƙullun sosai har ya yi kumfa. In ba a buga shi ba, ƙosan zai yi nauyi kamar dutse. Mutanen Lome suna ce wa ƙosai *gawu*.

A lokacin hutu, ni ne yaron Inna. Kafin a kira salla ta tashe ni. In ɗauki benci da kwanuka, ita ta ɗauki tukunya a ka. Aikina shi ne wanke kwanuka da miƙa canji. Ruwan wanki yana da sanyi, hannuna ya yi ta tsagewa.

Direbobi da kwandastoci da masu dako su kewaye mu. Wannan ya ce: "Inna, na dala biyar." Wancan ya ce: "Inna, ƙara sukari." Dala ɗaya sefa 5 ce, dala biyar kuwa sefa 25. Wanda ba shi da kuɗi, Inna ta ba shi bashi. Ba ta rubutawa, amma ba ta mantawa.

Zan gaya muku gaskiya. A lokacin nan na raina koko. Kullum shi ne karin kumallona, rani da damina. In ƴan ajinmu suka wuce suka gan ni ina wanke kwanuka, sai in sunkuyar da kai. A ganina koko abincin talaka ne.

4. Daɗin hutu

Abin da nake so a hutu daban ne. Da yamma, ni da abokina mukan zaga unguwa da ƴan kuɗin da muka tara. Mu fara da mai tsire. Mutanen Lome suna ce wa tsire *cicinga*, kuma yawancin masu gasa shi Hausawa ne. Tsinke ɗaya muke saya, mu raba, mu lashe yajin ƙuli-ƙulin da ya rage a takarda.

Daga nan sai wajen mai *koliko*, wato soyayyar doya da barkono. Kusa da ita akwai mai *botokwe*, wanda yake kama da fankenmu. In mota ta zo daga arewa, mukan ga mata suna sauke wagashi. Wagashi cukun Fulani ne. Da ruwan tumfafiya ake daskarar da madarar, sa'an nan a rina shi ja da karan dafi. In aka soya shi aka sa a miya, ba ka neman nama.

Ga lemun zaƙi tuli a bakin hanya. Ga abarbar Notse mai zaƙi kamar zuma. In ƙishi ya kama mu, mu sha zoɓo, wanda a Lome ake ce wa bisap. Bayan damina ake tsinke zoɓo a shanya, don haka a Disamba sabo ne, ja wur. Akwai kuma lamurje, ruwan citta mai yaji, wanda yake buɗe maƙogwaro in ƙura ta shaƙe shi.

Amma duk waɗannan ba su kai abu biyu ba a wurina. Na farko shi ne *acomo*, wanda Hausawa suke ce wa cincin. Da fulawa da sukari da bota da ƙwai da madara ake kwaɓa shi, a yayyanka ƙanana, a soya, a ɗura a kwalba. Na biyu shi ne lemun kwalba mai suna Youki. A gidanmu ba a sayen su. Sau ɗaya a shekara nake samun su, kuma daga gidan Tanti suke fitowa.

5. Kwanon da yake tsallake katanga

Ga yadda al'adar take. Ana gobe Nowel, Tanti takan shigo gidanmu da kaji biyu a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Agoo!" Inna ta amsa: "Ame!" Haka ake sallama a yarensu. Sai ta ce wa Babana: "Malam, ga kajin nan, a yanka mini."

Mijin Tanti ya iya yanka kaza. Amma tana son mu ci abincinta da kwanciyar rai. Shi ya sa take kawo wa Baba ya yanka da bisimilla.

Ranar Nowel da azahar, in sun dawo daga coci, sai abokina ya shigo da babban kwano mai furanni. A ciki akwai shinkafa da miyar tumatir da naman kaza. A hammatarsa ga kwalbar acomo. A hannunsa ga Youki biyu, na ni da ƙannena.

Inna ba ta taɓa mayar da kwanon nan wayam ba. Takan wanke shi, ta zuba waina ko dabino ko ƙuli-ƙuli, sa'an nan ta ce in kai. In babbar Salla ta zo kuma, cinyar ragonmu gidan Tanti take zuwa. Haka muke tun ina ƙarami. Ni dai na ɗauka kwanon Tanti kamar fitowar rana yake, dole ne ya zo.

6. Shekarar da kwano bai zo ba

A shekarar 1994 ina aji biyar, wato CM1. Ana gobe Nowel na jira sallamar Tanti, ban ji ba. Na ce a raina, wataƙila bana naman kasuwa ta saya.

Nowel ta faɗo ranar Lahadi. Tun hantsi na yi wanka, na sa riga mai tsabta, na zauna a bakin ƙofa. Na ƙi cin tuwon rana don kada cikina ya cika. Azahar ta yi, la'asar ta yi, shiru. Na shinshina iska, ban ji ƙanshin suya daga bayan katanga ba. Ƙannena suka yi ta tambayata: "Yaya, ina Youki?"

Da rana ta kusa faɗuwa, haushi ya kama ni. Na shiga tsakar gida, na ɗaga murya na ce: "Bana Tanti ta yi rowa! Sun cinye kajinsu su kaɗai. Da Salla ma kada a ba su nama!"

Ban san abokina yana tsaye a bakin ƙofarmu ba. Ya zo ne mu tafi wasa. Kuma ni da kaina na koya masa Hausa, don haka ya ji duk abin da na faɗa. Ya dube ni, idonsa ya cika da hawaye. Bai ce kome ba. Ya juya ya tafi.

Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta ce: "Zo nan."

Na matso ina jiran duka. Ba ta dake ni ba. Ta ce: "Shekara nawa kana cin kazar matar nan?"

Na ce: "Ban san iyaka ba, Inna."

Ta ce: "Rana ɗaya ba ka ci ba, har ka manta da sauran? Ka tambayi kanka me su suka ci yau? Magana zarar bunu ce, ɗana. In ta fita, ba ta komawa."

7. Baba ya yi mini lissafi

Bayan sallar lisha, Baba ya kira ni kan tabarma. Ya ce: "Kai ɗan lakwal ne, ɗauko allonka."

Ya ce: "A watan Janairu na bana an karya darajar kuɗinmu. Da can, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne. Yanzu ya koma sefa 100. To, ɗan kasuwa ya sayo kaya na faran 10 daga Faransa. Da can nawa zai biya?"

Na rubuta, na ce: "Sefa 500."

"Yanzu fa?"

Na ce: "Sefa 1000, jikka guda."

Ya ce: "Madalla. Kaya ɗaya, kuɗi ninki biyu. Ba Togo kaɗai ba, har Nijar da Benin da Burkina Faso da duk ƙasashen da suke amfani da sefa. Yanzu faɗa mini, da me ake yin acomo?"

Na lissafa masa. Ya ce: "Alkamar da ake yin fulawa ba a noma ta a Togo. A jirgin ruwa take zuwa tashar jiragen Lome. Madarar gwangwani da bota su ma haka. Duk sun yi tsada. Gero da wake da doya sun ɗan tashi, amma ba kamar kayan jirgi ba, domin a ƙasarmu ake noma su."

Ya ci gaba: "Mijin Tanti ɗan albashi ne. Albashi ba ya tashi kamar farashin kasuwa. Kuma ka tuna dogon yajin aikin da aka fara a Nuwamba 1992, aka shiga da shi har cikin 1993? Ma'aikata da yawa sun yi watanni ba albashi. Ɗan abin da suka tara, a lokacin nan ya ƙare. Ba rowa ba ce, babu ce. Kunya ce ta hana ta shigowa."

Daren nan ban yi barci sosai ba. Na yi ta tuna idon abokina.

8. Dabarar Inna

Kwana uku abokina bai leƙo ba. In na hango shi a layi, sai ya canza hanya. Hutu ya yi mini tsawo. Tsire ma da na saya ni kaɗai, ban ji daɗinsa ba.

A rana ta huɗu, wani direba ya zo wajen Inna. Ya daɗe yana shan koko bashi. Daga Basar ya dawo, garin da ya yi suna wajen doya. Ya sauke mata manyan doya guda shida, irin wadda ake kira *laboko*, wadda ta fi kowace daɗin sakwara. Ya ce: "Inna, ga bashinki."

Na ce: "Inna, mu kai wa Tanti uku."

Ta ce: "A'a. Ba haka ake yi ba."

Washegari da asuba, kafin mu tafi tasha, ta cika kwano da koko, ta naɗe ƙosai a takarda. Ta ce: "Ɗauki, wuce gaba." Muka tsaya a ƙofar Tanti. Inna ta ce: "Agoo!" Aka amsa: "Ame!"

Bayan gaisuwa, Inna ta ce: "Tanti, taimako na zo nema. An kawo mini doya, ni kuwa tuwo na iya. In na daka sakwara, gudaji take yi. Ga Bonane ta zo. Ki taimake ni da turminki da hannunki, mu yi girkin tare."

Na buɗe baki, domin na san Inna ta iya sakwara sarai. Sai ta taka mini ƙafa. Na yi shiru.

Tanti ta yi murmushi, ta ce: "Maman koko, wannan ai ba wuya. Ki bar mini miya ma, ni zan yi."

Ni kuma na je wajen abokina. Yana zaune a kan dakali, ya lulluɓa da zanen uwarsa. Na miƙa masa kwano, na ce: "Ka yi haƙuri. Na faɗi maganar banza. Ban san yadda abin yake ba."

Ya daɗe bai karɓa ba. Tururi yana tashi, ƙanshin citta ya cika wurin. Daga baya ya karɓa, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya gutsuri ƙosai. Sai ya ce: "Ka san wani abu? Kullum da asuba ƙanshin kokon nan yake tashe ni. Nakan ce a raina, wannan yaron ya ji daɗi, kowace safiya yana shan abin da ni sai da kuɗi."

Mamaki ya kama ni. Ina leƙen katangarsu saboda acomo, ashe shi ma yana leƙen tamu saboda koko.

A hanyar tasha na tambayi Inna: "Me ya sa kika ce ba ki iya sakwara ba?"

Ta ce: "Wanda ya saba bayarwa, karɓa tana yi masa nauyi. In na kai mata doya, na nuna mata na ga babunta. In na roƙe ta taimako, ta shigo gidanmu da girmanta."

9. Ranar Bonane

Ranar Lahadi, 1 ga Janairu 1995, Inna ba ta fita tasha ba. Baba ya samo zabi biyu wajen wani mai kawo su daga Dapaong, ya yanka. Tanti ta shigo da turmi da taɓare, ta kawo citta da tumatir da busasshen kifi na miya.

Aka fere doya, aka dafa. Tanti da Inna suka tsaya a kan turmi, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Yayar abokina tana tsoma hannu a ruwa tana juya sakwarar. Ƙarar daka tana tashi daga gidaje da yawa a layin, domin a Lome ranar Bonane ranar sakwara ce. Su suna ce mata *fufu*. Can sai Tanti ta dubi Inna, ta yi dariya, ta ce: "Maman koko, hannun nan naki ya san taɓarya fiye da yadda kika faɗa." Inna ma ta yi dariya. Ba wanda ya ƙara magana a kai.

Mu yara aka ba mu aikin abin sha. Muka tafasa zoɓo da ɓawon abarba da kanumfari, muka tace, muka sa sukari. Muka daka citta, muka matse lemun tsami, muka yi lamurje. Muka sayo ƙanƙara, muka fasa a ciki.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu. Baba da mijin Tanti suka ci a kwano ɗaya. Mata suka ci a nasu, mu yara a namu. Baba ya yi bisimilla, mijin Tanti ya yi tasa addu'ar, kowa ya sa hannu. Sakwarar tana da laushi da danƙo, miyar zabo tana da yaji har hanci yana zuba. Ban taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba.

Da aka gama, Tanti ta aiki abokina gida. Ya dawo da kwalbar nan da na sani. Ba acomo a ciki. Soyayyar gyaɗa ce ta cika ta har wuya. Tanti ta miƙa mini, ta ce: "Ɗana, bana abin da ya samu ke nan."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na ce: "Akpe, Tanti." Wato na gode. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta shafa kaina, ta ce: "Tashi, ku je ku yi Bonane."

Muka fita, ni da abokina, muna bin gidaje muna gaisuwar sabuwar shekara. Wani ya ba mu dala, wani ya ba mu alewa. Da yamma muka raba abin da muka samu daidai wa daida.

10. Abin da na koya

Tun daga ranar, kowace asuba ta hutun nan, ni nake kai wa abokina koko. Wata rana ma ya biyo mu tasha, ya taya ni wanke kwanuka. Da ƴan ajinmu suka wuce, ban sunkuyar da kai ba. Na gane da kokon nan aka saya mini allo da littafi da rigar lakwal.

Da shekara ta kewayo, kwanon Tanti ya dawo. Kaza ɗaya ce, acomo kuma rabin kwalba. Muka ci da murna. Watannin Musulunci suna bin wata ne, shi ya sa Salla take matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A ƙarshen Disamba na shekarar 2000, ƙaramar Salla ta zo ƴan kwanaki bayan Nowel. A mako ɗaya kwanon ya tsallake katanga da shinkafa, ya dawo da waina da miyar taushe.

Abubuwa da yawa sun canza. Tun shekarar 2002 Faransa ta daina kashe faran, ta koma yuro. Inna ta tsufa, ƙanwata ce ta gaji tukunyar. Yanzu ina iya sayen acomo da lemun kwalba duk ranar da na so. Amma in aka tambaye ni abincin da na fi so a hutun hunturu, sai in ce koko mai zafi da ƙosai da asuba, da sakwarar da gida biyu suka daka a turmi ɗaya.

Yara, in an yi hutu, ku zauna kusa da iyayenku mata a madafa. Ku tambaye su daga ina kowane abu yake zuwa, wanne ne na gonakinmu, wanne ne na jirgi. Kada ku raina abincin gidanku. In maƙwabci ya kawo muku kwano, kada ku mayar da shi wayam. In kuma wata shekara kwanon bai zo ba, kada ku yi saurin magana. Ku leƙa ku gaishe shi, domin zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar zango? A wace shekara aka tashi tsohon Zangon Lome?
2. Daga ina iskar hunturu take tasowa? Me ake ce mata da Faransanci?
3. Faɗi yadda Inna take yin koko, daga jiƙa gero har zuwa damawa.
4. Me ya sa Tanti take kawo wa Baba kajinta ya yanka?
5. Kafin Janairu 1994, kayan faran 20 sefa nawa ne? Bayan nan fa?
6. Me ya sa Inna ba ta kai wa Tanti doya kyauta ba?
7. Rubuta jimla biyar a kan abincin da aka fi so a gidanku lokacin hunturu.